Abin Da Ke Cikin Fitsarin Mai Lafiya

Masu karatu, ku gafarce mu, yau za mu yi magana a kan abin da ba a cika ambatarsa a gaban manya ba. A wurinmu fitsari abin kunya ne. Idan ya kama mutum cikin taro, sai ya ce zai ɗan zagaya, kowa ya gane, a wuce wurin. Amma duk wanda ya taɓa zuwa asibiti da ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya san cewa sau da yawa kafin a rubuta masa magani sai an miƙa masa 'yar kwalba, a nuna masa hanyar bayan gida. Mace mai ciki kuwa, kusan kowace ranar awo sai an karɓi nata. To, me suke nema a ciki? Ba za mu gane amsar ba sai mun fara sanin abin da ya kamata a tarar cikin fitsarin mutum mai lafiya, da kuma yawan kowane abu. Da wannan ma'auni ne likita yake gane abin da ya ƙaru, da abin da ya ragu, da baƙon da ya shigo ba a gayyace shi ba.

Inda ake haɗa shi

Kowannenmu yana da ƙoda biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama na ƙashin baya, can ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Kowacce ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba, nauyinta kuma kimanin giram 150 ne. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take bugawa wurinsu yake zuwa. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin likita. A kwana ɗaya waɗannan matatai suna tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, wato jarka tara mai cin lita 20. Jinin babban mutum gaba ɗaya kuwa kimanin lita biyar ne. Ke nan ana ta juya shi ne ana sake tacewa, dare da rana, ba hutu.

Da a ce duk wannan ruwa zai fita, da mutum bai kai la'asar ba. Abin da ke faruwa shi ne, ƙoda tana mayar da kusan kashi 99 cikin 100 na abin da ta tace zuwa cikin jini. Aikinta ya yi kama da na matar da take neman gyara ɗakinta. Ba ta tsaya tana tsintar shara ɗaya bayan ɗaya ba, sai ta fitar da kusan dukan kayan ɗakin tsakar gida, sa'an nan ta riƙa mayar da masu amfani ciki, abin da ya saura a waje shi ne na zubarwa. Haka ƙoda take fitar da ruwa da gishiri da sukari da datti gaba ɗaya, daga baya ta kwashe sukarin duka, ta kwashe yawancin ruwan da gishirin, ta bar sauran ya gangara mafitsara. Ku riƙe wannan misali, domin za mu sake bukatarsa idan mun zo maganar ciwon sukari.

Yawancinsa ruwa ne

Kimanin kashi 95 cikin 100 na fitsari ruwa ne kawai. Babban mutum mai lafiya yana fitar da abin da ya kama daga ƙasa kaɗan da lita ɗaya zuwa lita biyu a kwana, yawanci wajen lita ɗaya da rabi, wato ledar fiya wata uku. Ba ƙoda ce kaɗai take yanke shawarar yawan ruwan da za a saki ba. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli mai girman ƙwayar wake, wanda yake aika mata da sinadarin saƙo ta cikin jini. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, kamar ga manomi ko lebura da ke aiki cikin zafin bazara, saƙon yakan ƙaru, ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya zama kaɗan, ya yi ja, ya yi kauri. Idan mutum ya sha ruwa da yawa, saƙon ya ragu, fitsarin ya fito fari tas. Giya da burukutu suna danne wannan saƙo. Shi ya sa mashayi yake ta zaryar bayan gida da dare, gari ya waye masa da ƙishirwa da ciwon kai.

Amma tsumulmular ƙoda tana da iyaka. Dole sai da ruwa za a kore dattin yini, kuma mafi ƙarancin ruwan da zai isa wannan aiki shi ne kimanin rabin lita. Babban mutumin da fitsarinsa na kwana guda bai kai haka ba, akwai magana.

A nan muna so mu yi wa iyayen yara masu ciwon sikila wata 'yar tunatarwa. Wannan ciwo yana taɓa sashen ƙodar da ke riƙe ruwa tun yaro yana ƙarami, saboda haka fitsarinsu ba ya yin kauri yadda ya kamata, yawansa kuma yakan zarce na sauran yara. Da yawa cikinsu suna fitsarin kwance har su yi wayo. Duka da gori ba za su gyara ƙoda ba. Hana su shan ruwa kuma haɗari ne, domin ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwon.

Takin da muke zubarwa

Idan aka tara fitsarin mutum na kwana ɗaya aka ƙafar da ruwan, abin da zai saura busasshe zai kai giram 50 zuwa 60. Kusan rabinsa abu ɗaya ne, kuma manomanmu sun san sunansa sarai, ko da yake ba a nan suka saba jinsa ba. Yuriya ce. Wadda ake saya a buhu, fara mai ƙwayoyi kamar sukari, a zuba wa masara, ita ce dai wannan, babu bambanci.

Ga yadda take samuwa. Abinci mai gina jiki, irin su wake da gyaɗa da nama da kifi da ƙwai da nono, yana ɗauke da abin da masana suke kira furotin. Jiki yana da rumbun ajiye rarar maiƙo, yana da na sukari, amma ba shi da rumbun ajiye rarar furotin. Abin da ya yi saura bayan an gina jiki sai a farfasa shi, kuma a cikin farfasawar nan ake samun amoniya, wadda guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwa. Hanta ce take karɓar amoniyar ta juya ta zuwa yuriya, wadda ba ta da wannan dafi, kuma tana narkewa cikin ruwa da sauƙi. Jini ya ɗauke ta ya kai wa ƙoda, ƙoda ta fitar. Wasu masana biyu a ƙasar Jamus, Hans Krebs da Kurt Henseleit, su suka bayyana matakan wannan aiki na hanta a shekarar 1932. Babban mutum yana fitar da giram 20 zuwa 35 na yuriya kullum, gwargwadon abin da yake ci. Mai cin tsire da balangu kowane dare ya fi fitarwa da yawa, wanda abincinsa tuwo ne da miyar kuka tasa ba ta kai haka ba.

Yuriya tana da babban matsayi a tarihin kimiyya. A shekarar 1773 wani Bafaranshe mai suna Hilaire Rouelle ya ware ta daga fitsari. A wancan zamani masana da yawa sun ɗauka cewa abubuwan da jikin mai rai yake yi, ba mai iya haɗa su a ɗakin gwaji. Sai a 1828 wani Bajamushe, Friedrich Wöhler, ya haɗa wasu sinadarai a ɗakin gwaji, ya ga ya sami yuriya. Cikin murna ya rubuta wa malaminsa cewa yanzu zai iya yin yuriya ba tare da bukatar ƙodar mutum ko ta kare ba. Yau manyan masana'antu ke yin ta daga iskar gas da iskar da muke shaƙa. A Nijeriya akwai irinsu a Onne da Eleme cikin jihar Ribas, da kuma babbar masana'antar takin Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022. Kashi 46 cikin 100 na nauyin yuriya naitirojin ne, abincin da ke sa ganyen shuka ya yi kore shar.

Bari mu yi ɗan lissafi. Wanda yake fitar da giram 25 a kwana, a shekara ya fitar da kimanin kilo tara. Gidan da ke da manya shida ke nan yana zubar da fiye da buhu guda mai kilo 50 a bayan gida kowace shekara, alhali maigidan yana can yana neman bashin kuɗin taki. Kuma ba naitirojin kaɗai ba ne. Abubuwa ukun da ke cikin takin kamfa, wato naitirojin da fosfaras da fotasiyam, dukansu suna cikin fitsari. Fosfaras ma a cikin fitsari aka fara gano shi. A 1669 wani mutumin birnin Hambog na Jamus, Hennig Brand, ya yi tunanin cewa tun da fitsari rawaya ne, wataƙila akwai zinariya a ciki. Ya tara shi da yawa, ya yi ta dafawa. Bai sami zinariya ba, sai wani farin abu mai haske cikin duhu, wanda daga baya ya shiga aikin yin ashana.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga sun gwada wannan lissafi a gona. A yankin Maraɗi, mata manoma, waɗanda galibi gonakinsu ne mafi nisa da gari kuma mafi rashin ƙarfi, sun yi aiki tare da masu binciken aikin gona tsakanin 2014 da 2016. Suna tara fitsari a jarkoki, su rufe, su ajiye wata biyu zuwa uku domin ƙwayoyin cuta su mutu, sa'an nan su zuba wa gero. Don kauce wa kunyar sunan, sai suka raɗa masa suna Oga. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna amfanin geron ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100. A ganinmu wannan abin koyi ne, muddin an kiyaye sharaɗin ajiyewar, kuma ba a bar shi ya gauraya da bayan gida ba.

Sauran mazauna gidan

Bayan yuriya akwai wani abu da ake kira kiriyatinin. Daga tsokar jiki yake fitowa, giram ɗaya zuwa biyu a kwana, kuma yawansa ba ya cika canzawa daga yau zuwa gobe. Ɗan kokawa ya fi tsohuwa fitar da shi, domin ya fi ta tsoka. Saboda wannan daidaito nasa ne likitoci suke auna shi cikin jini idan suna son sanin ƙarfin ƙoda. In ƙoda ta gaza, sai ya taru a jini. Abin baƙin ciki shi ne, ƙoda tana iya rasa kusan rabin ƙarfinta kafin adadin ya haura a fili, mutum kuwa yana ta harkokinsa bai ji komai ba.

Sai yurik asid, wanda bai kai giram ɗaya a kwana ba. Kayan ciki kamar hanta da ƙoda, da wasu kifaye, da giya, suna ƙara shi. Ba ya son narkewa cikin ruwa, don haka idan ya yi yawa yakan daskare ya zama tsakuwa a ƙoda, ko ya taru a gaɓoɓi, musamman babban yatsan ƙafa, ya kumbura ya yi zogi har mutum ya kasa sa takalmi. Mai kiwon kaji yana ganinsa kullum, domin farin da ke saman kashin kaza shi ne. Tsuntsaye ba sa yin fitsarin ruwa, a wannan siffa suke fitar da nasu dattin.

Gishiri kuma, gwargwadon abin da hannu ya zuba a tukunya. Kimanin kashi tara cikin goma na gishirin da muka ci ta fitsari yake fita. Shi ya sa idan masu bincike suna son sanin gaskiyar gishirin da mutanen wani gari suke ci, ba sa dogara ga abin da aka faɗa musu, sai su tara fitsarin awa 24 su auna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram biyar a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya. Idan muka haɗa gishirin miya, da dunƙulen ɗanɗano, da kanwa, da yajin tsire, za mu ga cewa da yawanmu mun zarce. Yawan gishiri yana kawo hawan jini, hawan jini kuma, shi da ciwon sukari, su ne kan gaba wajen kashe ƙoda.

Akwai kuma fotasiyam, da kalsiyam, da fosfet, da salfet, da 'yar amoniya, kowanne kaɗan. Fitsarin mai lafiya yana da ɗan tsami. A ma'aunin masana, inda lamba 7 take tsakiya, yawanci yana wajen 6, yana iya sauka zuwa 4.5 ko ya hau zuwa 8, gwargwadon abinci. Nama yana ƙara tsamin, ganye da 'ya'yan itace suna rage shi. Waɗannan su ne manya, amma ba su ke nan ba. A 2013 masana a Jami'ar Albata ta ƙasar Kanada suka fitar da jerin sinadarai fiye da 3,000 da ake iya samu cikin fitsarin ɗan Adam. Burbushin kusan duk abin da muka ci, ko muka sha, ko muka haɗiya a matsayin magani, yana bi ta nan. Shi ya sa da fitsari ake kama ɗan wasan da ya sha ƙwayar ƙara kuzari, da shi kuma ake gane shigar ciki tun yana 'yan makonni.

Launi da wari

Me ya sa yake rawaya? Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120 ne. Idan sun tsufa, saifa da hanta suna farfasa su, jan launinsu ya koma wani abu mai ruwan ɗorawa da ake kira bilirubin. Hanta ta zuba shi cikin ruwan matsarmama zuwa hanji. A can ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin hanjinmu su sake juya shi. Yawancinsa yana fita da bayan gida, shi ke ba shi launinsa, kaɗan kuma ya koma cikin jini, ƙoda ta fitar, ya ba fitsari nasa launin. An daɗe da sanin wannan hanya, amma sai a watan Janairu na 2024 masana a Jami'ar Merilan ta Amurka suka bayyana ainihin sinadarin da bakteriyar suke yin aikin da shi.

Launin da ake so shi ne rawaya mai haske, kamar na busasshiyar ciyawa. Idan ya yi duhu da rana, yawanci ƙarancin ruwa ne, a sha ruwa a duba. Wasu magunguna suna rina shi ba tare da wata illa ba. Ƙwayar bitamin B tana sa shi rawaya fau, maganin tarin fuka mai suna rifamfisin kuma yana mayar da shi ja kamar manja, kada mai shan sa ya tsorata ya daina. Amma idan fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ido kuma ya yi rawaya, shawara ce, hanta ko jini na da matsala. Idan ya koma kamar lemon kola bayan zazzaɓin cizon sauro ko bayan shan wani magani, alama ce jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa da yawa, wannan kuwa ba a kwana da shi a gida.

Sabon fitsari ba shi da wari sosai. Zarnin da ke tashi a lungu ko a jikin katangar tasha yana zuwa ne bayan ya jima, lokacin da bakteriya suka mayar da yuriya amoniya, wato suka warware aikin da hanta ta yi. Amma idan tun fitowarsa yana wari, ya yi gurɓi, ga zafi lokacin yinsa, to, wataƙila ƙwayoyin cuta sun shiga mafitsara.

Baƙi uku

Yanzu mun zo ga abubuwan da bai kamata a gan su ba. Na farko sukari. Mun ce ƙoda tana fitar da kaya tsakar gida ta mayar da masu amfani. Sukari tana mayar da shi duka, amma hannunta yana da iyakar abin da zai ɗauka. Idan sukarin jini ya haura kimanin 180 a ma'aunin da asibitoci da yawa suke amfani da shi, ko 10 a ɗaya ma'aunin, sai ya fi ƙarfinta, ragowar ya zube cikin fitsari, ya kuma ja ruwa tare da shi. Daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwa da rama suke zuwa. Tun zamanin dā masu magani a Indiya sun lura tururuwa tana taruwa a fitsarin wasu majinyata. A 1674 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya rubuta cewa irin wannan fitsari yana da zaƙi kamar an sa zuma, a 1776 kuma Matthew Dobson na birnin Libaful ya ƙafar da shi ya sami abu mai kama da sukari a gindin kwano. Sai dai kada kowa ya jira tururuwa. Mutum yana iya shekaru da ciwon sukari fitsarinsa bai nuna ba, awon jini ne yake tabbatarwa. Akwai kuma wasu sababbin magungunan ciwon sukari da aikinsu shi ne su sa ƙoda ta zubar da sukari da gangan. Mai shan irinsu ya faɗa wa mai awo.

Baƙo na biyu furotin. Ƙwayoyinsa manya ne, ramukan matatar ƙoda ba sa barinsu su wuce, sai ɗan abin da bai kai miligiram 150 a kwana ba. A 1827 Richard Bright, likita a wani asibitin Landan, ya nuna dangantakar abubuwa uku, wato kumburin jiki, da lalacewar ƙoda, da fitsarin da idan aka ɗora shi a cokali bisa wutar kyandir yake daskarewa kamar farin ƙwai. Furotin a fitsari yana nufin matata ta yage. Wani lokaci ana ganinsa da ido, kumfa mai yawa wadda ba ta bajewa. Amma tun kafin kumfa, awo yana iya kama shi, shi ya sa ake son mai ciwon sukari ko hawan jini ya yi wannan awo aƙalla sau ɗaya a shekara, tun ana iya rage saurin lalacewar da magani mai sauƙin kuɗi, kafin a kai ga wankin ƙoda wanda yake cinye gona da gida. Ga mai ciki kuwa, furotin a fitsari tare da hawan jini bayan wata biyar shi ne gargaɗin ciwon jijjiga, wanda yake cikin manyan masu kashe mata wajen haihuwa a ƙasarmu. Maigidan da yake ganin zuwa awo ɓata kuɗin mota ne, ya san cewa wannan 'yar kwalba ita ce dalilin zuwan.

Na uku jini, kuma a nan ne maganar ta fi shafar ƙauyukanmu. Tsargiya ta zama ruwan dare a wuraren da ke kusa da madatsun ruwa da fadamu da kududdufai, har a wasu garuruwa ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara zama namiji. Ba haka ba ne. Tsutsa ce, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan dodon koɗi, su hayayyafa, su fito su huda fatar yaron da ke wanka ko matar da ke wanki. Tsutsar ta girma cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ƙwayayenta masu ƙaya su riƙa tsaga bangon mafitsara don su fita. Shi ya sa jinin yake zuwa a ƙarshen fitsari. Idan aka bar ta shekaru, tana iya toshe hanyar fitsari ta lalata ƙoda, tana jawo ciwon daji na mafitsara, ga mata kuma tana yi wa al'aura da mahaifa rauni. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan ciwo a duniya. Maganinsa, firazikwantel, ana shan sa a rana ɗaya, kuma ana raba shi kyauta a makarantun firamare na wurare da yawa. Ga dattijo kuwa, jini a fitsari ko da sau ɗaya ne, ko da ba zafi, dole a bincika.

Duk waɗannan baƙi uku, ɗan tsinken takarda mai launuka yana iya nuna su cikin minti biyu. Wasu ma'aurata masana kimiyya a Amurka, Alfred da Helen Free, su suka fito da na farko mai gano sukari a 1956. Yau ana samunsa har a ƙananan asibitocin karkara.

Ba magani ba ne

Lokaci lokaci akan ji masu cewa shan fitsari yana warkar da cututtuka. Har wani tsohon Firayim Ministan Indiya, Morarji Desai, wanda ya yi mulki daga 1977 zuwa 1979, ya faɗa a fili cewa yana shan nasa. Amma wanda ya bi mu zuwa nan ya ga abin da ke ciki. Abin da ƙoda ta sha wahala ta fitar ne, mayar da shi ciki ƙara mata aiki ne kawai, kuma babu wani ingantaccen bincike da ya nuna yana warkar da wani ciwo. An daɗe ana cewa fitsarin mai lafiya ba shi da ƙwayoyin bakteriya ko kaɗan, amma binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna akwai su. Abin da ya fi damunmu shi ne ɗiga fitsari a ido lokacin annobar ciwon ido na afolo. Idan mai fitsarin yana da ciwon sanyi, ƙwayar cutar tana iya cinye baƙin ido cikin 'yan kwanaki. Afolo yakan warke da kansa, makantar da wannan ɗigo yake jawowa kuwa ba ta warkewa.

Idan ya ɗauke

Rashin fitsari ya fi kowane canjin launi haɗari. A 1990 yara 47 suka mutu a asibitin koyarwa na Jos bayan an ba su ruwan maganin farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba, wanda ake amfani da irinsa a injuna. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 irin wannan guba cikin maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ta kashe yara 84 a Nijeriya. A duka biyun ƙoda gubar ta kama, kuma babbar alamar da aka gani ita ce yaro ya daina fitsari. Gudawa da amai masu tsanani, da zazzaɓi mai zafi, da zubar jini wajen haihuwa, da wasu jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, duk suna iya tsayar da ƙoda haka. Yaron da ba shi da lafiya, ya yi awa takwas bai jiƙa zanensa ba, a ci gaba da ba shi nono ko ruwan gishiri da sukari, a kama hanyar asibiti, a tafi da duk kwalaben maganin da aka ba shi. Na dattawa maza dabam ne. Sau da yawa ƙodarsu tana aiki, mafitsara ta cika tam, amma wani ƙulli da ke bakin mafitsara ya kumbura ya toshe hanya. Shi ma ba a jira, da ɗan bututun roba ake buɗe masa.

Idan an miƙa muku kwalbar, ga yadda ake cika ta. A wanke hannu da gaba da ruwa mai tsabta. A bar na farko ya zuba ƙasa, a tari na tsakiya, a rufe. Na farkon safiya ya fi kauri, ya fi nuna furotin da shigar ciki, amma idan tsargiya ake nema, na tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana ya fi ɗauke da ƙwayayen, kuma a nan har da ɗigon ƙarshe ake so. A kai shi ɗakin awo cikin awa ɗaya ko biyu, domin idan ya jima bakteriya suna canza shi. Mace mai al'ada ta faɗa, kada a ɗauki jininta a matsayin na mafitsara. Wanda zai kawo nasa daga gida kuma, kada ya zuba a tsohuwar kwalbar lemo ko ta ruwan maganin tari, domin ɗan zaƙin da ya saura a gindinta ya isa ya sa a rubuta masa ciwon sukarin da ba shi da shi.